Ganuwar da ta juyo ciki: daga bariki zuwa gidan yari

Kalmar "gidan yari" ta girmi zuwan Turawa. Yari sarauta ce ta bafaden da sarki ya danƙa wa tsaron waɗanda aka kama, dogarai kuma su ne masu kamowa. A zamanin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake zaune a Sifawa, daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana Bodinga, ɗauri na shekaru ba shi ne babban hukunci ba. Alƙali yakan yanke haddi, ko diyya, ko bulala, ko ya sa a biya bashi. Galibi ana tsare mutum ne kafin a gama shari'arsa, ko har ya biya abin da ake binsa. Ginin da al'umma ta fi kashe wa ƙarfi a lokacin shi ne ganuwa, da garuruwan ribaɗi irin Wurno, waɗanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ƙarfafa. Aikinsu shi ne hana maƙiyi shigowa.

Wannan ba ya nufin kurkukun da yana da daɗi. Bayan cin Kano a 1903, Gwamna Lugga ya bayyana kurkukun birnin a rahotonsa: ɗakuna ƙanana marasa iska, an cusa mutane fiye da ɗari. Ya yi amfani da wannan bayani don halatta mamayarsa, amma cunkoson da ya ambata ciwo ne da mulkinsa ma bai warkar ba.

Turawa sun ci Sakkwato a filin Giginya ran 15 ga Maris 1903. Shekara uku bayan haka, a Fabrairun 1906, talakawan Satiru, ƙauyen da ba shi da nisa da Bodinga, suka fatattaki rundunar Turawa, suka kashe muƙaddashin Razdan Hillary. A watan Maris aka dawo da ƙarfi aka shafe garin, aka kashe mutane wajen dubu biyu, aka kai jagororin gaban shari'a a Sakkwato. Darasin da Turawa suka ɗauka shi ne, sojansu kaɗan ne, ba za su iya riƙe ƙasa ba sai da hannun sarakuna. Daga nan suka ƙara dogara ga En'e: kotun alƙali, 'yan doka, baitulmali da gidan yari. Ɗauri na watanni da shekaru ya zama hukuncin yau da kullum, har ga wanda ya kasa biyan haraji, fursuna kuma ya zama ma'aikacin da ba a biya, mai sharar gari da gyaran hanya. Gidajen yarin En'e sun ci gaba da aiki har 1968, lokacin da gwamnatin soja ta haɗe su ƙarƙashin tarayya.

Da yawan ɗaurarru ya ƙaru, hukumomi a wurare da dama sun waiwayi gine-ginen soja. Dalilin a fili yake: akwai katanga mai kauri, ƙofa ɗaya, hasumiyar gadi, ga masu bindiga a kusa. Abin da ya rage kawai shi ne a juya fuskar mai gadi daga waje zuwa ciki.

Misali mafi bayyana a Afirka ta Yamma yana Ankara, babban birnin Gana, inda Hausawan zango suka daɗe, wasunsu jikokin dakarun Hausa da Ingila ta ɗauka aiki a ƙarni na 19. A bakin tekun birnin akwai sansanoni biyu: Ussher Fort, wanda mutanen Holan suka gina a 1649, da James Fort, wanda Ingilishi suka gina a 1673. An yi su ne don igwa da fatauci, har da na bayi. Daga baya duka biyun suka koma kurkuku. A James Fort aka ɗaure Kwame Nkrumah a 1950, yana ciki ya ci zaɓen Fabrairun 1951, aka fito da shi ya jagoranci gwamnati. Gana ta sami 'yanci a 1957, amma ba a daina tsare mutane a James Fort ba sai 2008. Ɗakunan da aka gina don ajiye albarushi da kaya ba su da tagogin kirki, ba magudanar ruwa, ba filin shan iska. Katanga tana hana gudu, amma ba ta samar da wurin kwana.

Akwai amfani na biyu da masu mulki suka gano a bariki: wanda aka ajiye a can ya yi wa alƙali nisa. Da Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974, sai aka kai tsohon shugaban Nijar sansanin soja a Damagaram, ya shekara shida ba a gurfanar da shi ba. Mu ma a nan mun ga irin wannan a kan ɗan garinmu. Ran 31 ga Disamba 1983 sojoji suka hamɓarar da Alhaji Shehu Shagari. Aka yi masa ɗaurin talala a Legas ƙarƙashin gadin soja, mataimakinsa Alex Ekwueme kuma aka kai shi Kirikiri. Dokar soja mai lamba 2 ta 1984 ta ba da damar tsare mutum ba tare da shari'a ba. Sai a 1986, bayan kwamitin Mai Shari'a Uwaifo ya wanke shi, aka sallame shi, kuma da sharaɗin ya zauna a garin Shagari. Idan wanda ya riƙe ƙasa zai shekara biyu da rabi kafin a gama duba maganarsa, sai mu auna halin manomin da ba a san sunansa ba.

Rikicin Boko Haram ya maido da wannan al'ada da faɗi. Barikin Giwa da ke Maiduguri ya zama wurin tsare ɗimbin waɗanda ake zargi, har mayaƙan ƙungiyar suka kai masa hari ran 14 ga Maris 2014. A barikin Wawa, kusa da Kainji, an tara mutane fiye da 1,600, kuma sai a Oktoban 2017 aka fara yi musu shari'a, a cikin barikin. Ɗaruruwa daga cikinsu kotu ta sallame su saboda babu hujjar da za ta riƙe su, bayan sun yi shekaru a tsare.

Nan ne zancen cunkoso ya koma asalinsa. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Ga yadda abin ke faruwa: a kama matashi a wani ƙauyen Bodinga ko Shagari da zargin fashi ko satar shanu, a kai shi kotun majistare wadda ba ta da hurumin sauraron babban laifi. Sai ta ce a ajiye shi har ma'aikatar shari'a ta ba da shawara. Takardunsa su maƙale tsakanin ofisoshi, ɗan sandan da ya yi bincike a canza masa wurin aiki, iyayensa su sayar da akuya da gero wajen zirga-zirga zuwa Sakkwato. Damina ta wuce, wata ta zo, gonarsa tana kwance.

Gwamnati ta amsa da gini. A Kano an yi sabon gidan yari mai ɗaukar mutum 3,000 a Janguza, kusa da barikin soja, don rage wa tsohon gidan Kurmawa nauyi. Gini mai iska da ruwa alheri ne ga wanda ke ciki. Amma in ƙofar shiga a buɗe take, ta fita kuma a toshe, kowane sabon gida zai cika. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Maganin yana cikin dokokin da muke da su. Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ta wajabta wa shugaban hukumar na jiha ya sanar da babban alƙalin jiha da kwamishinan shari'a idan gida ya cika, ta ba jami'in gidan ikon ƙin karɓar ƙarin mutane, ta kuma tanadi hukuncin da ba ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar kafa nasu gidajen, wato nauyin da En'e ta sauke a 1968 yana iya dawowa gida.

Saboda haka, duk ranar da aka zo mana da shawarar mayar da wani tsohon sansani gidan yari, ko gina sabo, tambayarmu ta farko kada ta zama mutum nawa zai ɗauka. Mu tambaya: cikin waɗanda za a kai, nawa ne alƙali ya yanke wa hukunci, kuma yaushe sauran za su ga alƙali?