Illolin Magungunan Kashe Raɗaɗi ga Masu Doguwar Jinya: Nazari Daga Rafin Guza, Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi illolin da ke biyo bayan daɗewa ana amfani da magungunan kashe raɗaɗi na dangin afiyun, kamar mofin da tiramadol da fentazosin, musamman ga masu amosanin jini. Hujjarta ita ce, galibin waɗannan illoli suna da makari, kuma abin da ke tsananta su shi ne kunyar da ke hana majinyaci bayyana su ga likita.

Gabatarwa

Duk wanda ya san Rafin Guza, unguwar da ke daura da Kawo a gefen kogin Kaduna, ya kuma san yadda sanyin hunturu yake kwana a wannan kwari, ba zai yi mamaki ba idan an ce masa lokacin nan ne ciwon mai amosanin jini ya fi tashi, har ya ji kamar ana sassaƙar ƙashinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai wajen 150,000 da wannan lalura kowace shekara a Nijeriya, ita ce kuma ta shimfiɗa, a 1986, tsanin magungunan kashe raɗaɗi mai matakai uku domin masu ciwon daji, wanda ya fara da farasitamol ya tuƙe da mofin. Amma tun bayan da gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, sai zato ya game mai larura da ɗan ƙwaya, har mai neman sauƙi ya koma yana rufe bakinsa a gaban likita, yana buɗe shi a kemis.

Illa mai wucewa da illa mai zama

Wajibi ne a rarrabe tsakanin illolin da jiki yake sabawa da su da waɗanda ba ya sabawa. Tashin zuciya da jiri da gyangyaɗi, ko da yake su ne suka fi firgita majinyaci a farkon al'amari, bisa galibi sukan lafa cikin 'yan kwanaki, abin da ake bukata kawai shi ne maganin amai da ƙaurace wa tuƙin mota ko babur.

Taurin bayan gida kuwa sha'aninsa dabam ne, domin maganin yana rage motsin hanji, hanji kuma ba ya sabawa, ko da an shekara ana sha. A nan ne kunya take yin ɓarnarta. Dattijon da ba zai iya faɗa wa likita, wanda wataƙila sa'ar 'yarsa ce, cewa ya yi kwana biyar bai zaga ba, shi ne zai laƙaba wa abin sunan basir, ya nufi mai tallar sassaƙe, alhali kuwa ƙa'idar likitanci ita ce a haɗa mai laushin ciki da maganin tun ranar farko. Abin sha'awa, ɗaya daga cikin waɗanda likitoci suke bayarwa, wato sanna, ɗan'uwan filaskon nan ne da kakanninmu suka sani, sai dai na asibiti awonsa sananne ne, na tukunya kuwa yakan zarce ya koma zawo. Yawan shan ruwa da gwanda da miyar kuɓewa da jiƙon tsamiya suna taimakawa, amma a ganina kuskure ne a dogara gare su kaɗai.

Tiramadol yana da tasa musiba, ita ce jijjiga mai kama da farfaɗiya, wadda takan auku idan an haye miligiram 400 a yini, haddin da ƙwaya biyu ta 225, irin wadda ake fasa-ƙwaurinta, ta riga ta ƙetare. Allurar fentazosin, idan aka dawwama a kanta a gida, takan sandarar da tsoka ta bar gyambo mai wuyar warkewa. Mafi haɗari duka shi ne raunin numfashi, musamman idan an gama da maganin barci: in iyali suka ga an kasa tada mutum, numfashinsa ya yi nisa, ƙwayar idonsa ta tsuke, to sai a garzaya asibiti, irin na koyarwa na Barau Dikko, domin akwai makarinsa, naloksan.

Mas'alar fiƙihu

Da yawa daga majinyata suna fama da waswasi, ko sun faɗa cikin hukuncin mashaya. Malaman Malikiyya sun daɗe da warware wannan, domin Alƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya bambance a cikin Alfuruƙ tsakanin abu mai sa maye da mai gurɓata hankali da mai sa barci, fuƙaha'u kuma sun tafi a kan cewa larura tana halatta magani gwargwadonta. Abin da ya rage shi ne kula da alwala, tun da barci mai nauyi yana warware ta.

Haka nan, dogaron jiki ba shi ne jaraba ba. Wanda ya yi makonni yana sha bisa umarni, idan ya yanke farat ɗaya, ko don tsoron zargi ko don shigowar Ramalana, zai gamu da hamma da gumi da zawo da rashin barci, har ya zaci asalin cutar ce ta dawo, ya koma ya ninka. Hanyar da likitoci suke bi ita ce a riƙa rage awon kaɗan-kaɗan cikin makonni, a kuma zauna da mai niyyar azumi tun cikin Sha'aban a sake tsara masa lokutan shan maganin tsakanin buɗa-baki da sahur.