Daga Man Kaɗe Zuwa Man Kanti

'Yar uwa, idan kina zaune a Kakuri ko Makera ko Barnawa, duba mayukan da ke kan madubinki. Ko kin taɓa tambayar kanki me iyayenmu suke shafawa kafin zuwan waɗannan kwalabe?

A da can, mace ba ta sayen kyan fata a kanti. Da damina ake tsintar 'ya'yan kaɗanya, a dafa, a shanya, a fasa, a soya ƙwallon, a niƙa, sannan a yi ta cuɗawa da ruwa har mai ya taso. Wannan shi ne man kaɗe. Akwai kuma man gyaɗa da man riɗi da alayyadi. Mai son ƙamshi sai ta daka kanumfari ko kajiji ta zuba a ciki. Da haka ake maganin kaushi da faso lokacin hunturu.

To, sai zamani ya juya. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, wasu masaƙun suka biyo baya, dubban ma'aikata suka cika kudancin kogin Kaduna. Albashin wata-wata ya shigo gidaje, man kanti ya biyo shi. Basilin, wanda Robert Chesebrough ya yi wa rajista a Amurka a 1872, daga ɗanyen man fetur ake tace shi. Ga araha, ga shi ba ya lalacewa, sai man kaɗe ya koma abin 'yan ƙauye. Shi basilin bai cuci kowa ba. Ɓarnar ta zo ne da mayukan bilicin, waɗanda wasunsu ke ɗauke da sinadarin makuri mai lahani ga ƙoda, wasu kuma su sa fata ta yi siriri har ciwo ya ƙi warkewa. Abin ya kai a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya.

KTL ta rufe a 2002, albashi ya tafi, amma kaɗanya tana nan tana 'ya'ya. Yau manyan kamfanonin Turai ma man kaɗenmu suke saye su zuba a nasu man, su dawo mana da shi da tsada.

Saboda haka uwargida, ki haɗa naki. Samu ganyen zogale ko na darbejiya, ki shanya a inuwa har ya bushe ƙarau. Kada ki kuskura ki zuba ɗanye, domin ruwan jikinsa zai sa man ya yi fumfuna. Zuba shi a busasshiyar kwalba, ki cika da man riɗi ya rufe ganyen, ki toshe. Bayan mako 3 ki tace da ƙyalle mai tsabta. Idan man kaɗe ne, ɗora kwanon a kan ruwan zafi ya narke da ganyen, kada ya taɓa wuta. Fara gwada kaɗan a damtsenki, ki jira kwana ɗaya. In ya yi ƙaiƙayi, bar shi. In warinsa ya canza, zubar.

Amma fa ki sani, babu ganyen da zai mayar da baƙa fara. Duk mai sayar miki da "haɗin gargajiya" da alkawarin haske cikin mako guda, tambaye ta abin da ta zuba a ciki. Kakanninmu laushi da sheƙi suka nema, kuma sun samu.