DUBAN RANA ƊAYA DA BIN SAWU: ABIN DA AKA KOYA A GARKI

Sau da yawa in mun fita ƙauyuka aiki, a ƙasar Kazaure ko Roni ko Gwiwa, mutane su kan tare mu da tambaya. Su ce, "Malam, bara an zo an ƙirga mu, an ɗebi jinin yaranmu. Me kuma ake nema bana?" Tambayar tana bisa hanya, ta kuwa isa a amsa ta. Shi ya sa yau zan ba ka labarin hanyoyi biyu da likitoci ke bi su san halin lafiyar ƙasa, da wani babban aiki da aka yi nan kusa da mu.

Hanya ta fari ita ce duban rana ɗaya. Ma'aikata su sauka gari, a tara mutane a ƙofar mai gari, a duba kowa sau ɗaya, a rubuta, a tashi. Haka aka yi da ciwon barci a Arewa tun wajen 1930 da 'yan kai. Ana jera mutane ana lalubar kaluluwar wuyansu, wanda aka samu da cutar a yi masa allura. Da irin wannan ƙirga aka gane inda cutar ta fi tsanani, har aka ta da mutanen ƙasar Anchau a lardin Zazzau, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Har yau ana bin wannan hanya. An yi babban binciken lafiyar iyali na Nijeriya a 1990, aka maimaita a 2003 da 2008 da 2013 da 2018, amma kowane zuwa gidaje dabam ake zaɓa.

Wannan hanya tana da sauri, ba ta cin kuɗi da yawa. Ita ke gaya wa hukuma yawan gidan sauro da maganin da za a aika kowace gunduma. Amma fa ka lura. Wanda ya leƙa gonarka rana ɗaya cikin Agusta ya ga gero ya yi kore, ba zai iya gaya maka damin da za ka ɗaure ba. Kuma in aka duba jinin yaran Babura cikin watan Maris, aka duba na yaran Roni cikin Satumba, sai a ce Roni ta fi zazzaɓi, alhali kuwa damina ce ta bambanta su.

Hanya ta biyu ita ce bin sawu. A rubuta sunan mutum da na gidansu, a duba shi yau, a komo bayan 'yan makonni a sāke duba shi, haka har shekaru. A Ingila, cikin 1951, Richard Doll da Bradford Hill sun rubuta wa likitocin ƙasar takarda suna tambayar ko suna shan taba. Wajen mutum 40,000 suka amsa. Aka bi sawunsu har shekara 50. Da haka aka tabbata taba na kawo ciwon daji na huhu, kuma mai shanta ya kan rasa kamar shekara 10 daga cikin kwanakinsa.

To, ba sai mun je Ingila ba. Ƙasar Garki, maƙwabciyar Babura, ta ga irin wannan aiki. A lokacin tana cikin Jihar Kano, don sai 1991 aka yanke Jigawa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka haɗa kai don su amsa tambaya guda: shin ana iya katse zazzaɓin cizon sauro a ƙasa irin tamu?

Ba su fara da ba da magani ba. Daga ƙarshen 1970 zuwa farkon 1972 kallo kurum suka yi. Suka zaɓi ƙauyuka 22, cikinsu har da Sugungum da Rafin Marke, suka rubuta kowa da kowa. Kowane mako 10 a soki yatsa, a ɗiga jini a gilashi, a duba da madubin likita. Ana kama sauro da dare ana ƙirgawa. Ana rubuta haihuwa da mutuwa, da wanda ya tashi da wanda ya sauka. Sa'an nan cikin daminar 1972 da ta 1973 aka fesa maganin sauro a bangon ɗakuna. A waɗansu ƙauyuka aka haɗa da raba ƙwayar magani ga jama'a duka. Waɗansu kuwa aka bar su yadda suke don gwadawa. Bayan an daina, aka ci gaba da dubawa.

Ga abin da aka gani. Feshi shi kaɗai bai rage masu ɗauke da cutar sosai ba, domin sauro da yawa in ya ciji mutum ba ya sauka a bango, waje ya kan fita ya huta. Inda aka haɗa feshi da ƙwaya, cutar ta ragu ƙwarai, mutuwar jarirai ma ta ragu. Amma cutar ba ta katse ba. Da aka janye hannu sai ta komo kamar dā. Ka ga da a ce baƙo ya zo cikin 1973 ya duba sau ɗaya ya tafi, da ya kai labari cewa an kashe zazzaɓi a Garki. Da kuwa ya yi kuskure babba. Likitoci biyu, Molineaux da Gramiccia, suka tattara labarin aikin cikin littafi a 1980, har yanzu masana na duniya suna aiki da lissafinsa.

Akwai wani abu kuma da ya fito, wanda ya kamata kowane uba ya ji. An duba jinin mutanen Garki don ciwon sikila, watau amosanin jini. Cikin jarirai sabbin haihuwa, kamar 2 cikin 100 suna da ciwon. Cikin manya kuwa da ƙyar aka sami ko ɗaya. Wanda ya duba manya kaɗai sai ya ce babu sikila a ƙasar. Ina yaran suka tafi? Sun rasu tun suna ƙanana. Duban rana ɗaya masu rai yake ƙirgawa, ba ya ganin wanda ke kushewa. Sai mai rubuta haihuwa da mutuwa shi ke sanin wanda ya ɓace daga layi.

Kada ka ce ashe bin sawu ya fi ta kowace fuska. Yana da nasa wahala. Yana cin kuɗi da shekaru, ba a iya yinsa a kowane gari. Mutane kuma ba sa zama wuri ɗaya. Samari su tafi cin rani Kano ko Legas, 'yan mata su yi aure a wani gari, makiyaya su bi ruwa da ciyawa. Waɗansu su gaji da sukar yatsa su ɓuya. In waɗanda suka ɓace su ne marasa lafiya, lissafi ya karkace, a ga kamar gari lafiya lau. Ni kaina na taɓa bin wani yaro wata uku ina awonsa, ran nan na zo aka ce sun tashi, ba wanda ya san inda suka nufa. Har yau ban san ko ya warke ba, layinsa a littafina babu kome.

Saboda haka hanyoyin nan biyu kowace da aikinta. In ana son sanin mutum nawa ke da cuta yau, duban rana ɗaya ya isa. In ana son sanin wa ke kamuwa, yaushe, me ya jawo, ko kuwa magani ya yi amfani, sai an bi sawu.

Ga abin da nake roƙonka. In ma'aikatan lafiya sun zo, ka tambaye su takardar shaidarsu da dalilin zuwansu, haƙƙinka ne, kuma ba a ɗibar jinin kowa sai da yardarsa. In ka yarda, ka faɗi gaskiya. Kada ka ɓoye yaron da ke kwance a ɗaki, kada ka ƙi ambaton wanda ya rasu, ko da faɗin yana da ciwo. In za ka tashi daga gari ka sanar da mai unguwa. Katin awon yaro kuma uwa ta adana shi wurin da ruwa da gara ba za su taɓa ba, gama shi ma bin sawu ne, na ɗanka kai kanka. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake raba wa ƙananan yara wata wata da damina, a ba su har zagaye na ƙarshe, don Garki ta nuna mana abin da ke faruwa in an saki hannu.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.