Asalin Kokawa da Sa a Amurka

A cikin wasannin makiyayan Amurka masu kiwo bisa dawaki, waɗanda ake kira rodiyo, babu mai asali mai daɗin ji kamar kokawa da sa, wadda duk wanda ya taɓa kallon hawan ƙaho wurin mahautanmu zai gane ta nan take. Wanda ya ƙago ta baƙin mutum ne, Bill Pickett, ɗan wani 'yantaccen bawa, an haife shi a jihar Texas a 1870, shi ne na biyu cikin 'ya'ya 13.

Dattawan sana'ar sun ruwaito cewa tun yana yaro yakan tsaya ya zuba wa karnukan makiyaya ido, yana mamakin yadda kare guda, wanda bai kai ɗan maraƙi ba, zai cafki leɓen bijimi da haƙora, sai ƙaton ya tsaya cik kamar an ɗaure shi a turke. Da ya kawo ƙarfi sai ya riƙa bin sa a sukwane, ya diro daga kan doki, ya rungume ƙahonin, ya murɗe wuyan, ya kafa haƙoransa a leɓen, sa'an nan ya saki hannu biyu ya faɗa da baya, san ya biyo shi ƙasa tilas. Wata riwayar ta ce a'a, a garin Rockdale ne, a 1903, wani sa mai taurin kai ya fusata shi har ya aikata haka. Ni dai ta farkon ta fi kwanta mini, domin irin wannan hikima ba a samunta rana ɗaya cikin fushi, ga shi kuma har yau da sunan irin karen ake kiran wasan da Turanci.

Daga 1905 Pickett ya shahara da ayarin 'yan wasan gidan gonar 101 ta Oklahoma, aka kai shi har Meziko da Ingila. A 1932 wani doki ya harbe shi a ka, ajali ya cika, kuma sai a 1971 aka shigar da sunansa zauren tunawa da gwanayen rodiyo, shi ne baƙi na farko.

Yanzu an daina cizon. Alƙalin wasa ne ke zaune bisa doki da tuta a hannu, in ya ga san ya kwanta ƙafafu huɗu sun fuskanci gefe guda sai ya sauke ta, a duba agogo, galibi cikin daƙiƙa huɗu ko biyar an gama, tun ɗan kallo bai gyara zama ba.