Duba taurari kafin a ba da magani: Yadda aka yi jinya a Ingila shekara 400 da suka wuce

A ƙarshen ƙarni na 16, idan mara lafiya ya shiga ɗakin Simon Forman a birnin Landan, ba da jin bugun jijiyarsa ake farawa ba. Sai an rubuta sunansa da shekarunsa, da rana da sa'ar da ya furta tambayarsa. Daga nan Forman ya zana akwati mai gidaje 12, ya buɗe littafin lissafi, ya jera rana da wata da taurari biyar a inda suke a wannan lokaci. Daga zanen ne zai fito da cutar, da maganinta, da ko mai ita zai tashi.

Wannan aiki ya bar tarihin jinya mafi girma da ya tsira daga wancan zamani a Ingila. Forman da almajirinsa Richard Napier sun rubuta kusan ganawa 80,000 tsakanin 1596 da 1634, mafi yawansu a kan rashin lafiya.

Tunanin da ke bayan zanen

Likitancin Turai na lokacin ya gaji ra'ayin Girkawa cewa jiki na tafiya ne da ruwaye huɗu: jini, majina, rawayar ɗaci da baƙar ɗaci. Idan ɗaya ya rinjayi saura, cuta ta samu. An kuma yarda cewa abin da ke sama yana motsa waɗannan ruwaye, kamar yadda wata ke jan ruwan teku. Zuhal na da sanyi da bushewa, don haka aka jingina masa baƙin ciki. Mirriku na da zafi, shi ake zargi da zazzaɓi.

An raba gaɓoɓin jiki ga burujai 12, tun daga Rago mai riƙe da kai har zuwa Kifi mai riƙe da ƙafafu. Ba a tsaga jijiya a fitar da jini daga wata gaɓa muddin wata na cikin burujinta. A cikin zanen kuwa, gida na ɗaya shi ne mara lafiyar, na shida cutar, na takwas mutuwa.

Wannan ba ilimin 'yan tsibbun bayan gari ba ne. A 1348, da annoba ta mamaye Turai, malaman likitanci na Jami'ar Paris sun ɗora laifin a kan haɗuwar Zuhal da Mushtari da Mirriku ta shekarar 1345. Kuma babban kaso na ƙa'idojin ya shiga Turai ne daga littattafan Larabci, irin na Abu Ma'ashar al-Balkhi na Bagadaza, waɗanda aka fassara zuwa Latin a ƙarni na 12. Wani reshe na wannan ilimi ya iso ƙasar Hausa: Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya wallafa littafi a kan sirrin haruffa da taurari.

Wa ke da ikon yi wa mutane magani?

An haifi Forman a 1552 a yankin Wiltshire, kuma bai kammala karatun jami'a ba. Tauraruwarsa ta haska ne a annobar Landan ta 1592 zuwa 1593, lokacin da ya kamu, ya ce ya warkar da kansa, sannan ya ci gaba da duba marasa lafiya yayin da masu hali suka tsere ƙauye.

Nan ya shiga hancin Kwalejin Likitocin Landan, wadda Sarki Henry na Takwas ya ba ikon tantance duk mai aikin likita a birnin da kewayensa a 1518. Kwalejin ta gayyace shi, ta yi masa jarrabawa, ta ce jahili ne, ta ci shi tara, ta sa aka tsare shi fiye da sau ɗaya. Shi kuma ya riƙa caccakar likitocin, yana cewa sun dogara ga duban fitsari a kwalba suna kashe mutane. Ya koma unguwar Lambeth da zama, kuma a 1603 ya samo lasisi daga Jami'ar Cambridge.

Rigimar ta fi ƙarfin taurari. Landan na da mutane kusan 200,000 a 1600, 'yan Kwalejin kuwa ba su kai 100 ba, kuma talaka bai iya biyansu. Sauran jama'a na hannun wanzamai, ungozomomi, masu haɗa magunguna da irin su Forman. Dangane da magani ma babu wani babban bambanci: mai lasisi da marar lasisi duk wankin ciki suke bayarwa, da maganin amai, da fitar da jini. Abin da ake ja a kai shi ne kasuwa da martaba.

Napier bai sha wannan wahala ba. Limamin coci ne mai digirin Oxford a ƙauyen Great Linford, kuma ya fara koyo wajen Forman a 1597. Kusan shekara 40 mutane na tururuwa gidansa, daga manyan masu sarauta har barori. Kimanin 70,000 daga cikin ganawar nasa ne. Ya haɗa taurari da addu'a da laya, har yana rubuta amsoshin da ya ce Mala'ika Rafa'ilu ya ba shi.

Abin da takardun suka adana

Ƙa'idar lissafi ce ta tilasta musu rubutu, domin babu zane sai da ainihin lokaci. Likitan da ya raina su bai da wannan larura, shi ya sa yawancin majinyatansa suka ɓace ba labari. A shafukan Napier kuwa ana jin muryar matar da ta kasa barci tun rasuwar ɗanta, da wadda ke tambayar ko ciki gare ta, da wanda ya yi imani maƙwabciyarsa ce ta yi masa sammu. Masanin tarihi Michael MacDonald ya tsamo mutum sama da 2,000 masu damuwa ko taɓin hankali daga cikinsu, a littafinsa na 1981. Akwai kuma magunguna masu ɗaure kai, kamar yanka tattabara a ɗaura wa mara lafiya a tafin ƙafa.

Zanen taurarin bai gano cutar kowa ba, kuma kimiyya ta daɗe da yin watsi da shi. Su kansu mutanen biyu ba waliyyai ba ne. Littafin sirrin Forman na ƙunshe da jerin matan da ya nema, har da wasu da suka zo neman taimako. Bayan mutuwarsa a 1611 an ambaci sunansa a shari'ar kisan Sir Thomas Overbury ta 1615, inda aka zarge shi da haɗa asirin mallaka.

Takardun sun faɗa hannun Elias Ashmole, mai sha'awar tara kayan tarihi, kuma yau suna ɗakin karatu na Bodleian a Oxford cikin mujalladi 66. Rubutun hannun ya yi wuyar karantawa ƙwarai. Sai da tawagar Farfesa Lauren Kassell ta Jami'ar Cambridge ta shafe fiye da shekara goma tana kwafarsu, kafin ta kammala ɗora su a intanet a 2019, inda kowa zai iya bincika su kyauta.