Daga Gandun Gwamnati Zuwa Gidan Ƙyanƙyasa: Tarihin Renon Matasan Manoma

A shekarar 1959 an yi wasu gwaje-gwaje biyu a nahiyoyi biyu, ba tare da ɗaya ya san da ɗaya ba. A garin Batavia na jihar New York a Amurka, wani ɗan kasuwa mai suna Joseph Mancuso ya karɓi ragamar wata makekiyar masana'antar kayan noma da aka rufe. Da ya rasa kamfani guda da zai cika ta, sai ya rarraba ta ga ƙananan 'yan kasuwa, yana haɗa musu da shawara da taimakon neman jari. Cikin 'yan hayar akwai masu kiwon kaji, kuma daga nan ne aka soma kiran irin wannan wuri da sunan na'urar ƙyanƙyasar ƙwai, wato inda ake renon sana'a har ta tsaya da ƙafafunta.

A wannan shekarar kuma gwamnatin Jihar Yamma ta Nijeriya ta buɗe gandayen tsugunar da matasa. Ilimin firamare kyauta da aka fara a 1955 ya soma yaye yaran da ba su da aikin ofis, ba su kuma sha'awar fartanyar iyayensu. Aka kwaikwayo tsarin ƙauyukan haɗin gwiwa na Isra'ila, aka ba kowane matashi gida da gona da horo, bisa sharaɗin zai biya a hankali. Jihar Gabas ta bi sahu a zamanin Michael Okpara. Sai dai kuɗin da ake kashewa a kan mutum ɗaya ya yi yawa, jami'ai ne ke yanke shawarar abin da za a shuka, matasa da dama kuma suka ɗauki kansu ma'aikatan gwamnati, daga bisani suka gudu birni. An koya musu noma, amma ba a koya musu ciniki ba.

Wanda ya juya wannan tunani shi ne Godfrey Nzamujo, malamin cocin Katolika ɗan Nijeriya da ya yi karatu a Amurka. A 1985 ya kafa cibiyar Songhai a Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin, a kan ɗan ƙaramin fili da gwamnatin Mathieu Kérékou ta ba shi, ya raɗa mata sunan tsohuwar daular Afirka ta Yamma. Ka'idarsa ita ce kada a zubar da komai: kashin dabbobi ya zama taki da iskar gas, tsutsar da aka rena ta zama abincin kifi da kaji, ruwan tafkin kifi ya shayar da lambu. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne cibiyar tana sarrafa amfaninta, tana kuma sayarwa. Saboda haka ɗalibin da ya yi watanni 18 a can yakan fito ya san lissafin riba da faɗuwa, don ya ga an yi shi a gabansa kullum.

Mataki na uku ya zo a 2012, lokacin da Nteranya Sanginga, shugaban cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, ya tara wasu matasa masu yi wa ƙasa hidima ya kafa ƙungiyar matasa 'yan kasuwar noma. Wasunsu ba su karanci noma a jami'a ba. Aka sa su samar da iri, da kiwon kifi, da sarrafa rogo da waken suya. Bankin Raya Afirka, a ƙarƙashin Akinwumi Adesina, ya ɗauki wannan salo ya faɗaɗa shi zuwa ƙasashe da dama da sunan ENABLE Youth.

Duk da wannan ci gaba, matsala ɗaya ta bi dukkan matakan uku, wato ranar yaye. A cikin cibiya akwai ruwa da lantarki da injina da mai saye. A waje kuwa matashi ba shi da takardar mallakar fili da banki zai karɓa jingina, kuɗin ruwa ya fi ƙarfin ribar gona, hanyar kai kaya kasuwa kuma ta lalace. Su kansu cibiyoyin ba su tsira ba. Jihohin Ribas da Katsina sun kafa gonaki a kan tsarin Songhai, amma ta Ribas ta durƙushe bayan sauyin gwamnati a 2015, alhali uwar cibiyar da ke Porto-Novo, wadda ke da abin sayarwa, tana nan tana aiki.

Ashe ƙyanƙyasa ba ita ce wuyar aikin ba, wuyar ita ce tsare 'yan tsaki daga shirwa. Don haka yawan waɗanda aka yaye ba shi ne ma'aunin shirin renon matasa ba. Ma'aunin shi ne mutum nawa ne har yanzu ke sayar da kaya, suna biyan ma'aikata, shekara uku bayan an miƙa musu takardar shaida.