Daga Tausar Gida Zuwa Gashin Ƙashi: Jiyyar Ciwon Wuya a Ƙasar Kano

A karkarar arewacin Kano, irin su Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, inda gonaki suka haɗe da juna, wuya ya daɗe yana ɗaukar nauyin da jaki bai ɗauka ba, domin a kansa ake ɗora damin gero da tulun ruwa da buhun gyaɗa, ba tare da wata kariya ba sai gammo, wato tsumman da ake naɗewa a aza a ka. Daga wannan wahala, da sunkuyon noma da fartanya, ake samun ƙagewar wuya, wadda ciwo ce da ke tasowa daga tsoka da gaɓoɓin ƙasusuwan wuya guda 7, takan tsananta da motsi, ta lafa da hutu.

Tun kafin zuwan asibiti, jiyyar wannan ciwo ta rabu hannu uku. A cikin gida ana gasa wuyan da tsumma mai ɗumi, sannan a bi shi da tausa da man shanu ko man kaɗanya. Idan ya ƙi, sai a nemi wanzami ya kafa ƙaho a doron kafaɗa. Idan kuwa ana zaton targaɗe ne, sai a nufi maɗori, wanda yawanci gadon sana'ar ya yi, yana lalube da babban yatsa har ya gano inda ciwon ya taru kafin ya ja ko ya murza.

Fisiyo, wato jiyya da hannu da motsa jiki, ta shigo Najeriya a 1945 ta Asibitin Ƙashi na Igbobi da ke Legas, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirinta a 1966, Asibitin Ƙashi na Dala kuma, wanda aka buɗe a 1959, ya zama cibiyarta a Kano. Dabarun da ake koyarwa sun haɗa da na Geoffrey Maitland na Ostireliya, wanda littafinsa na 1964 ya tsara danna gaɓa a hankali, mataki-mataki, da na Farfesa Vincent Nwuga na Ile-Ife, wanda ya yi fice wajen danna ƙashin baya ana sassautawa a kai a kai.

Da yake Hausawa sun ga kamar abin da suka sani ne, sai suka raɗa wa sabon fannin suna gashin ƙashi. Hannu dai shi ne makami a zamunnan biyu, amma abin da asibiti ya ƙaro shi ne bincike kafin taɓawa, domin wuyan da ya sanƙare tare da zazzaɓi yana iya zama sanƙarau, cutar da ta yi wa Kano ɓarna a 1996, wuyan da kuma ya zo da mutuwar hannu yana nuna jijiya ce aka danne, kuma murza ɗayansu da ƙarfi yana iya jawo abin da ya fi ciwon.